Yadda za ka zauna da yara ku auna fim da littafin da anka ciro shi

Dogon hutun damina da ya wuce ɗiyan ƙanwata su uku sunka zo wurina nan Mabera daga Boɗinga, babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, na tsakiya yana aji biyar na firamare, autan kuma bai ma cika shekara bakwai ba. Ban yi kwana uku da su ba na gane ba su da aiki sai kallo, tun safe waya na hannunsu, caji ya ƙare su jona ta a sola su zauna gindinta suna jira. Ni kuma aikina koyar da Turanci ne, wallahi raina ba ya so in ga yaro ya share wata biyu bai buɗe littafi ba. Hana su kallo ko ba zai yiwu ba, uwarsu ma ta gwada ta gaji. Sai na ce to bari in haɗa musu biyun, mu karanta littafi guda, mu kalli fim ɗinsa, sannan su da bakinsu su faɗi ko masu fim sun riƙe amanar littafin ko sun ci ta. Abin ya yi armashi fiye da yadda na zata, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda munka yi daki-daki ko wani uba ko malama ko yayan da anka bar wa ƙanne zai amfana.

Farko dai zaɓen littafi, kuma nan ne da yawa ke yin kuskure don suna ɗauko ƙaton littafi mai shafi ɗari biyar yaro ya ga kaurinsa ya karaya tun ba a fara ba. Nemi gajere, mai babi ƙanana, mai labarin al'ajabi irin wanda yara ke so, wanda kuma kai babba ka riga ka karanta ka san abin da ke ciki. Ni na ɗauki Charlie and the Chocolate Factory na Roald Dahl, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1964. Dalilina uku ne. Babinsa 30 ne kuma kowane babi ba ya wuce 'yan shafuka. Abin al'ajabin da ke ciki na injina ne da alawa da cakulan, babu boka babu tsafi, to ba sai na tsaya dogon bayani da iyayen yaran ba. Na uku kuma shi ne babba, an yi fim ɗinsa har sau biyu, na 1971 da na 2005, kuma ba abin da ke buɗe idon yaro kamar ya ga labari ɗaya hannu biyu sun sarrafa shi kowa da irin tasa. Akwai wani fim mai suna Wonka da ya fito a 2023, kar mai tura fim a waya ya haɗa ka da shi, wannan labarin ƙuruciyar mai masana'antar ne da anka ƙirƙira daga baya, ba shi ne labarin littafin ba.

Labarin a taƙaice, don wanda bai sani ba: Charlie yaro ne ɗan talakawa, gidansu su bakwai, shi da uwa da uba da kakanni huɗu waɗanda duk gado ɗaya suke kwance. Uban yana aikin murɗa murfin makilin a wani kamfani, abincinsu bai wuce burodi da dankali da romon kabeji ba. A garin akwai masana'antar cakulan ta wani Willy Wonka, ya ɓoye tikitin zinari guda biyar cikin cakulan ɗinsa, duk yaron da ya dace zai shiga ya sha kallo. Huɗu daga cikin yaran kowa halinsa ya ja masa, Charlie kaɗai ya rage.

Mataki na biyu, a karanta littafin kaf kafin kowa ya ga ko da hoton fim ɗin. Wannan doka ce kar ka sassauta, don in yaro ya riga ya ga fuskar ɗan wasa to shi ke nan, ko sau goma ya karanta littafin wannan fuskar zai riƙa gani. Mu babi biyu muke yi kullum bayan sallar isha'i, a tsakar gida kan tabarma in ba ruwa, in ko hadari ya taso mu koma falo, kwana 15 munka gama. Yadda nake yi, babbar ta karanta sakin layi guda da Turanci, ni in maimaita da Hausa irin yadda ake ba da tatsuniya ba fassarar kalma da kalma ba, in autan ya fara gyangyaɗi in ce ya tashi ya kwaikwayi yadda kakan Charlie ya diro daga gado. Tsohon nan shekararsa 96 da rabi, ya yi shekara 20 bai sauka gado ba sai ranar da jikansa ya shigo da tikiti, to ka ga abin kwaikwayo ya samu. Kar ka tsaya gyara musu kowane furuci, in ka mai da abin aji za su gudu. Akwai wani wuri can gaba da anka ambaci ma'aikatan masana'antar suna shan wani abu mai sa maye, ka san da zuwansa tun kafin ku iso, ko ka tsallake ko ka tsaya ka yi musu magana a kai, wannan ya rage naka.

Ka lura da babin da yaran sunka yi tsit. Wurinmu babi na 10 ne, inda uban ya rasa aiki ga sanyi ga yunwa, Charlie ya koma fita gida da wuri don ya taka a hankali zuwa makaranta kar ya ƙona ɗan ƙarfin da ya rage masa, lokacin tara ma ba ya fita wasa sai ya zauna cikin aji. Na tsakiyan nan da ba ya zama wuri ɗaya ya yi shiru, can ya ce "Kawu, akwai wani yaro ajinmu haka yake yi." Ban ce masa komai ba, na dai sa alama a shafin, don na san nan ne zan auna fina-finan.

Na uku, kafin kallo kowane yaro ya samu ɗan littafin rubutu nasa, ko foti-lif ya isa, da fensir. Abu biyu za su yi. Su zana Wonka da gidan su Charlie yadda sunka gani a ransu. Littafin ya siffanta Wonka da ɗan ƙaramin mutum mai tsinin gemu da doguwar hula da sanda, mai zafin nama kamar kurege, amma duk da haka ukun nan kowa da irin nasa Wonkan, autan ma babbar riga ya sa masa. Sannan su rubuta amsar tambaya uku da Hausa ko da Turanci: wane wuri ne in babu shi a fim za ka ji haushi, wa ka fi tausayi, kuma me ya sa Charlie ya ci. Ta ƙarshen nan ita ce uwar tambayoyin, ka tabbata kowa ya rubuta tasa amsar bai leƙa ta ɗan'uwansa ba. Tawa amsar da na rubuta ita ce, a littafin Charlie bai yi wata bajinta ba, bai taɓa abin da anka hana ba ne kawai, ga shi ya fi kowa yunwa a ɗakin da komai abin ci ne amma ya kame hannunsa. Irin yaron da muke cewa yana da kunya da ƙoshin zuciya. Ka riƙe wannan, da ita za ka yi awo, don lissafin abin da anka yanke kaɗai ba ya gaya maka komai.

Na huɗu gajere ne amma kar ka raina shi, ka kalli fim ɗin kai kaɗai tukuna. A na 1971 akwai inda jirgin ruwa ke shiga wani rami mai duhu ana hasko hotuna masu ban tsoro a bango, har da na yanka kaza, Wonka kuma yana ta rera wani abu muryarsa na hawa, yaro ƙarami zai iya firgita, ni dai na matsar da shi gaba saboda autan. A na 2005 kuma bakin ƙofar masana'antar akwai 'yan tsana masu waƙa da ke kamawa da wuta fuskokinsu na narkewa. Ka rubuta mintin da kowane yake. Ka kuma cika cajin laftof ko waya tun da rana, don ranar farko muna tsakiyar kogin cakulan wuta ta ɗauke laftof ɗin ya mutu, sai washegari munka ƙarasa.

To sai kallo. Fim ɗaya a rana, a bar kwana ɗaya ko biyu tsakani. Na 1971 minti 100 ne, na 2005 kuma 115. Kafin ka danna, ka yi musu wannan ɗan lissafin don kar su fara ihun an yanke an yanke: mu mun yi dare 15 muna karatu, mai fim kuma ƙasa da awa biyu gare shi, kuma masu rubutun fim suna ƙiyasta shafi ɗaya na rubutunsu minti ɗaya ne a allo, ka ga dole wani abu ya fita. Sannan akwai abin da littafi ke iyawa kyamara ba ta iyawa. Littafin ya gaya maka Charlie na tsayawa bakin masana'antar yana shaƙar ƙamshin cakulan kullum in zai wuce, ya gaya maka cakulan ɗaya da ake saya masa a shekara ranar haihuwarsa yana ɗan gutsurarsa har ya fi wata bai ƙare ba. Ƙamshi ba ya fitowa a allo, wata guda ma ba ya shiga minti biyu sai da dabara. To ka ce musu aikinsu su gano dabarar da darakta ya yi amfani da ita a madadin hakan, ko su kama shi in bai yi komai ba.

Ka ba yaro ɗaya agogo. Aikinsa ya rubuta minti nawa anka yi kafin a shiga masana'antar. A littafin sai babi na 14 Wonka ke fitowa gaban yaran, wato kusan rabin littafin a gidan talauci da neman tikiti anka yi shi, kuma da gangan ne, sai ka sha yunwa da yaron sannan kogin cakulan zai yi maka ma'ana. A fim ɗin 1971 ma sai an wuce minti 40 ake ganin Wonka, nan sun kyauta. Ku auna na 2005 da kanku ku kwatanta. Kar ka riƙa tsayar da fim kowane minti kana bayani, sau uku ko huɗu ya isa, sauran su rubuta a littafinsu har a gama.

Bayan an gama ne babban aikin yake. Ka sa su raba shafi gida uku, abin da anka cire, abin da anka musanya, abin da anka ƙara. Sannan kowane ɗaya a yi masa tambaya guda, shin ya taɓa dalilin da ya sa Charlie ya ci ko bai taɓa ba. Bari in nuna da fim ɗin 1971, wanda Mel Stuart ya ba da umarni, Gene Wilder ya fito a Wonka, anka ɗauke shi a Munich ta Jamus.

Abin da anka musanya, wanda yara sunka fara kamawa, kuregu ne. A littafin yarinyar nan da iyayenta sunka sangarta, Veruca, ta nace sai an ba ta ɗaya daga kuregu 100 masu ɓare ƙwallo, kuregun sunka danne ta sunka ƙwanƙwasa kanta sunka jefa ta ramin shara. A fim ɗin babu kurege ko ɗaya, wasu manyan agwagi ne masu ƙwan zinari. Na tsakiya ya ji haushi sosai don shi kuregun ya rubuta a tambayar farko. Na ce masa to ka duba, halin yarinyar ya canza? Ya ce a'a. Ƙarshenta fa? Ya ce shara dai ta faɗa. Na ce to wannan musanya ce mai sauƙi, a 1971 babu kwamfutar da za ta zana maka kurege ɗari suna aiki, mai fim ya nemi abin da zai iya. Irin wannan a yafe.

Abin da anka cire ya fi nauyi, uban Charlie. A fim ɗin babu shi, uwar ce ke wankau, yaron kuma yana rarraba jarida. Ka ga an sauƙaƙa wa mai kallo, da ya ga maraya tausayi ya zo. Amma littafin abin da ya nuna ya fi zafi, ga uba da ransa da lafiyarsa yana fita kullum amma abin da yake samowa ba ya ciyar da baki bakwai, kuma wannan ne irin talaucin da yaranmu sunka fi sani, magidanci ya wuni a kasuwa ya dawo da abin da bai kai mudu ba. Ni a wurina wannan rashi ne.

Abin da anka ƙara kuma shi ne ya ta da gardama har makwabciyarmu ta leƙo. A littafin an wuce ƙofar ɗakin wani lemo mai ɗaga mutum sama, an yi maganarsa an wuce, Charlie bai taɓa ba. A fim ɗin shi da kakansa sunka laɓe sunka sha, sunka tashi sama har sunka kusa shiga fanka, da gyatsa sunka sauko. Babbar ta tsayar da fim ɗin da kanta ta ce "Kawu, wanga ba adalci ba na, shi ma ya karya doka kamar sauran, mi ya sa su anka fitar da su shi anka bar shi?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan fiye da duk abin da munka yi a hutun, don ta kama ainihin wurin. Masu fim ɗin sun ga yaron da bai yi komai ba sai kallo ba zai riƙe fim ba, sai sunka sa ya yi laifi, sunka kuma ƙirƙiro masa jarrabawa: wani mutum da ke cewa shi Slugworth ne abokin gabar Wonka ya yi wa kowane yaro alkawarin kuɗi in ya sato masa wata alawa da ba ta ƙarewa a baki. A ƙarshe Wonka ya balbale Charlie da faɗa ya ce ya rasa kyautar saboda lemon da ya sha, yaron maimakon ya kai alawar a ba shi kuɗi sai ya ajiye ta kan tebur ya juya, ashe mutumin ma yaron Wonka ne, gwaji ne. Wurin yana da kyau ƙwarai, ni kaina ya taɓa ni. Amma ka sa yaran su buɗe amsarsu ta tambaya ta uku su gani, dalilin cin ya canza. Na littafi ya ci don bai miƙa hannu ba, na fim ya ci don ya mai da amana bayan ya yi kuskure. Duka biyun tarbiyya ce mai kyau amma ba yaro ɗaya ba ne. Shi kansa Dahl, ko da yake sunansa ne a kan rubutun fim ɗin, wani marubuci David Seltzer ya sake yi wa rubutun aiki, kuma Dahl bai ji daɗin abin da ya fito ba. Ga kuma wani abu da ya kamata manyan yara su sani, kamfanin abinci na Quaker Oats ne ya zuba kuɗin fim ɗin yana shirin fitar da alawa mai sunan Wonka, sunan fim ɗin ma ya tashi daga Charlie ya koma Willy Wonka. Ka koya musu su riƙa tambaya wa ya biya kuɗin fim, sau da yawa amsar wasu canje-canjen tana can.

Yanzu a yi wa na 2005 irin wannan rabon. Tim Burton ne darakta, Johnny Depp ne Wonka, Freddie Highmore ne Charlie. Nan yara za su yi ta murna don kusan duk abin da sunka nema ya dawo. Uban yana nan da aikin makilin ɗinsa. Kuregu sun dawo, har guda 40 na gaske anka horar saboda wurin. Waƙoƙin ma'aikatan masana'antar daga baitocin littafin anka ɗauko su. Charlie bai sha lemon kowa ba. An kuma nuna fitar yaran huɗu a ƙarshe kamar yadda littafi ya yi, yarinya mai yawan taunar cingam ta koma shuɗiya, yaro mai yawan kallon talabijin an ja shi ya yi tsawo ya sirance, abin da na 1971 bai nuna ba sam. Gidan su Charlie kuma a karkace kamar zai faɗi, iska na shiga ta rufi, da ka gan shi ka ji sanyin, wato darakta ya samo wa yunwar nan ta babi na 10 hoto.

Sai dai gidan "abin da anka ƙara" nan ma ba fanko ba ne. An ƙirƙiro wa Wonka uba likitan haƙori, Christopher Lee ya fito a matsayin, wanda ya hana shi shan alawa yana yaro har sunka rabu, ana ta komawa baya ana nuna wannan. Sannan ƙarshen ya juya. A littafin Wonka da kansa ya faso rufin gidan da liftarsa ta gilashi anka tura gadon tsofaffin ciki anka tafi da kowa. A fim ɗin ya ce Charlie ya zo shi kaɗai ya bar danginsa, yaron ya ƙi, daga baya shi ya raka Wonka wurin ubansa sunka shirya. Ƙin da Charlie ya yi ya dace da halinsa na littafi, ba mu yi gardama a kai ba. Abin da na nuna musu shi ne, ku duba wa ya canza a ƙarshen fim ɗin, wa anka warkar. Sunka ce Wonka. To labarin wa ke nan? Nan babbar ta yi dariya ta ce fim ɗin da ke da sunan Wonka labarin Charlie ne, wanda ke da sunan Charlie kuma labarin Wonka ne, kuma gaskiyarta.

Akwai mataki ɗaya da ban so a tsallake musamman mu 'yan Afirka, ku tsaya kan ma'aikatan nan da ake kira Oompa-Loompa. A bugun farko na 1964 Dahl ya rubuta su a matsayin gajerun baƙaƙen mutane da Wonka ya kwaso daga dajin Afirka cikin akwatuna masu huji, suna masa aiki yana biyansu da 'ya'yan koko. Ƙungiyar NAACP ta baƙaƙen Amurka ta nuna rashin yarda lokacin da ake shirin fim, shi ya sa a 1971 anka yi musu fata ruwan lemo da koren gashi, a bugun 1973 kuma marubucin ya gyara littafin ya mai da su farare daga wata ƙasa ta ƙage. A na 2005 mutum ɗaya ne ya fito a dukkansu, Deep Roy, haifaffen Nairobi, anka ninka shi da kwamfuta. Wannan ya nuna wa yaro cewa wani lokaci kauce wa littafi shi ne daidai, ba duk abin da marubuci ya rubuta ne abin riƙewa ba. Na tambaye su, mutanen nan suna fita waje? Albashinsu fa? Na kuma gaya musu kokon da ake cakulan da shi mafi yawansa daga nan yammacin Afirka yake fitowa, Kwaddibuwa da Ghana ne kan gaba, mu ma ana nomansa a Ondo da Kuros Riba da wasu jihohin kudu. Na tsakiya ya ce to mi ya sa cakulan ke da tsada a shagon unguwarmu, munka ɗan jima a kan wannan.

Daga nan sai yanke hukunci, kuma kar ka fara faɗin naka. Kowane yaro ya ba kowane fim maki cikin goma sau biyu, maki ɗaya na daɗin kallo, ɗaya na riƙon amanar littafi, don abu biyu ne daban kuma yara na saurin cakuɗa su. Duk wanda ya faɗi maki sai ya kawo hujja daga littafin rubutunsa, "haka nan dai" ba amsa ba ce. Sai sun gama ka faɗi naka. Ni na ce musu a wurin riƙon amana na 2005 ya fi, don ya bar Charlie yadda yake da ubansa da yunwarsa da kamun kansa. Amma Wonkan Gene Wilder ya fi kusa da wanda na karanta, mutum mai wayo da ba ka san inda ya dosa ba, tun fitowarsa ta farko da ya taho yana ɗingishi da sanda sai ya yi alkafura ya miƙe garau, shi kuwa na Depp kamar yaro ne mai tsoron mutane, ban same shi a littafin ba. Babbar ba ta yarda da ni ba har sunka koma gida, kuma ban matsa mata ba tunda da hujjarta.

Abu na ƙarshe da munka yi, na ce to ku da kuke ta kushe daraktoci ku gwada mu gani. Na fara gaya musu mu ma muna da irin waɗannan littattafan, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kuma an taɓa mai da littafin Hausa fim tun tuni, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Amma don gwaji kar ka fara da littafi, ɗauki tatsuniya guda ta Gizo da Ƙoƙi wadda duk sun sani. Dokar ita ce shafi ɗaya tak, minti ɗaya a waya, kuma ba a yarda wani ya tsaya gefe yana ba da labari ba, sai abin da ido zai gani da abin da baki zai faɗa. Su rubuta, su karanta da ƙarfi kana riƙe da agogo, in ya wuce minti su yanke da kansu, sannan a ɗauka a tsakar gida da hasken la'asar don ya fi kyau a kyamara.

Layin farko ya tsayar da su, inda tatsuniyar ke cewa ana yunwa a gari Gizo ya kwana uku bai ci ba. Sun fi rabin awa suna musu yadda za a nuna kwana uku, na tsakiya ya ce Gizo ya faɗa da bakinsa, babbar ta ce wannan ragwanci ne. Daga ƙarshe ita ta shiga madafa ta ɗauko tukunya, ta sa autan ya buɗe ta ya leƙa ya rufe sau uku, kowane buɗi tana matsar da shi inda inuwar katanga ta ƙara tsawo, a na ukun ya sa yatsa ya lakaci gindin tukunyar ya lasa. Daƙiƙa 14 ya ci, sauran 46 sunka raba wa ragowar labarin, dole sunka jefar da Ƙoƙi gaba ɗaya, autan kuma ya yi ta kuka don shi ya so a bar ta.